Ƙafar Kum Radisha

Milun Pantich ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar motoci ta garinmu, a layin da ake ɗaura wa mota ƙafafu. Shi ya sa har ya tsufa, in mota ta wuce ba ya kallon fenti ko fitila, sai yadda take taka ƙasa. Da aka rufe layinsu aka sallami ma'aikata, wasu suka tafi Jamus, wasu suka koma ƙauye. Shi kuwa ya rushe katangar lambun matarsa Stamena, ya haƙa rami a inda take shuka barkono, ya buɗe gareji. Har yau Stamena ba ta yafe masa barkonon nan ba.

Aikinsa ɗaya ne, daidaita tayoyi da abin da ke riƙe da su. Kayan aikinsa zaren kamun kifi ne da alli da tafin hannu. Yakan ɗaura zaren a jikin mota daga gaba zuwa baya, ya durƙusa ya rufe ido ɗaya, ya faɗa maka wace taya ce ke kallon waje. Samari masu tseren ranar Lahadi sun san shi, sun kuma san bakinsa, don Milun bai iya faɗin gaskiya a hankali ba. In ka kawo masa mota da ka lalata da kanka, sai ya gyara motar, kai kuma ya wanke ka tas a gaban abokanka.

Mutum ɗaya ne bakin nan bai taɓa taɓawa ba, wato kum ɗinsa, Radisha Yelich, malamin lissafi a sakandare, wanda duk gari ke kira Farfesa. Tun zamanin kakanni gidan Pantich ke riƙe wa gidan Yelich 'ya'ya a coci ranar baftisma, su raɗa musu suna. A wurinmu cewa ake yi, Allah a sama, kum a ƙasa. Ɗan'uwanka na jini kuna iya zagin juna ku shirya da yamma, amma kum ko ɗaga masa murya ba a yi. Milun ne ya riƙe 'yar Radisha ɗaya tilo, iyayenta suna tsaye ba su san sunan da zai fito ba, ya ce wa limamin coci, Rujitsa.

Rujitsa ta rasu tana shekarar ƙarshe a jami'a, ciwon jini ne. Aka binne ta a ƙauyen kakanninta, a tsakiyar sanyi, dusar ƙanƙara ta rufe komai. Milun ya je jana'iza, ya je addu'ar arba'in, a lokacin gicciyen katako ne kawai a kan kabarin. Da aka kafa dutse aka sassaƙa sunan, sai kullum aiki ya riƙe shi. Duk Asabar ɗin tuna matattu Stamena takan dafa alkama da sukari, ta bi Zagorka matar Radisha su tafi, shi kuwa ya ce akwai mota a kan rami. Ba taurin zuciya ba ne. Shi ya zaɓi sunan, kuma bai iya tunanin ganinsa a jikin dutse ba.

Radisha ya yi ritaya, ya zauna a kujera gaban taga. Wanda ya binne ɗansa ya san kujerar nan, ba sai an kwatanta masa ba. Shekaru suka wuce a haka. Sai wata bazara ga shi a ƙofar gareji da wata tsohuwar ƙaramar mota mai guntun baya, irin wadda masana'antarmu ta cika ƙasa da ita, ja amma rana ta cinye jan.

"Kum, so nake in shiga filin jirgi da ita," in ji shi.

"Kai? Da tabaraunka?"

"Da tabarauna."

Milun ya shigar da motar gareji. Ya fitar da kujerun baya da ta fasinja da tayar safaya da duk wani abu mai nauyi, ya walda kejin ƙarfe a ciki, ya sa sifirin masu tauri. A baya kuma ya ɗaura sanda mai kauri tsakanin tayoyi biyu. Irin motar nan da tayoyin gaba take ja, kuma halinta a kwana shi ne ta ƙi juyawa, ta miƙe da hanci. Sandar baya mai kauri ke karya mata wannan taurin kai, ta sa ta shiga kwana kamar wuƙa. Haka yake yi wa samari, kuma haka ya yi wa kum, don a ganinsa wannan ne mafi kyawun abin da ya iya.

Filin tsohon filin jirgin soja ne a bayan gari, an zana hanya da tsofaffin tayoyi. Ranar Lahadi mutane kan taru da motocinsu da jak da kujerun roba. Tsane mai sayar da taya shi ne sarkin wurin, yana gasa tsiran alade a rabin durom, yana raba wa kowa suna. Radisha ya ba su mamaki. Tuƙinsa kamar rubutunsa a allo yake, a tsare, ba gaggawa, layi ɗaya kullum. Zagorka ta gaya wa Stamena cewa ya fara cin abinci da kyau, har yana tashi da safe ya goge hular kwano.

Sai dai akwai wata doguwar kwanar hagu a can ƙarshen filin, gefen jerin dogayen bishiyoyi. A nan, a tsakiyar kwanar, bayan motar kan kufce. Sai ka ga gindinta ya zarce gabanta, ta yi juyi a kan ciyawa, ƙura ta tashi. Sauran kwanoni lafiya lau. Wannan kaɗai, kuma kusan duk lokacin da ya shige ta da gudu.

Milun ya bi abin kamar likita. Ya shafa alli a gefen tayoyin baya don ya ga iyakar inda suke kwantawa. Da motar ta dawo ya ɗora tafi a kansu, ciki da tsakiya da waje, yana jin inda zafi ya fi. Ya rage iska, ya ƙara iska. Ya sa sababbin tayoyi a baya. Ya ciro shokozoba ya matsa su da hannu ko ɗaya ta mutu, duka suna da rai. Ya ɗaura zare, komai daidai. Ya taka kwanar da ƙafarsa yana neman mai ko tudu ko tsaga a siminti, bai ga komai ba. Ya ba wani saurayi motar, saurayin ya shige kwanar da gudun da ya fi na Radisha, ta bi kamar a kan layin dogo.

Daga nan Milun ya san amsar, kowane bakanike ma ya sani. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, nauyin mota kan faɗa gaba, baya ya yi sakayau, motar da aka ɗaure wa baya da tauri kuwa ba ta yafe wannan.

"Kum, ko kana ɗan ɗaga ƙafa a can?" ya tambaye shi a gefe, a hankali.

"Ba na ɗagawa."

"Ko kaɗan?"

"Na ce maka ba na ɗagawa. Na san abin da ƙafata ke yi."

Wata Lahadi a farkon kaka motar ta sake juyawa, wannan karon har ta watsa tayoyin gefen hanya. Aka turo ta. Tsane ya ɗaga cokalin gashinsa.

"Gwani Milun, mota ka haɗa wa Farfesa ko majaujawa? Jikana na da irinta a filin wasa."

"Kula da tsiranka, yana ƙonewa."

"Zaren kamun kifin ne ya tsufa. Ka zo in ara maka igiyar shanyar matata."

Aka yi dariya. Wani ya ce a bar tsoho, ido ne ya tafi. Wani ya ce akwai gareji a Beograd, babban birni, mai na'urar haske, a kai ta can. Milun ya ji jini ya hau masa kai, bakin nan nasa ya buɗe kafin ya kama shi.

"Motar ba ta da laifin komai. In direba ya ga kwana zuciyarsa ta tsinke ya janye ƙafa, sai ya faɗa, ba ya tsaya yana ƙarya ba. Tsoro ba a gyara shi da sifana."

Dariyar ta mutu. Kowa a wurin ya san waye wa ga wa. Tsane ya sunkuya yana juya naman da bai buƙaci juyi ba. Radisha ya cire safar hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye makulli a kan rufin motar.

"Na ji, kum," in ji shi.

Ya bi wani maƙwabcinsa suka tafi gida. Milun ya ja motar zuwa gareji shi kaɗai.

Labari ya riga shi isa. Ya tarar da Stamena a tsakar gida tana gasa barkono na ajiyar sanyi, barkonon da yanzu sai ta saya a kasuwa.

"Ka kira kum matsoraci kuma maƙaryaci," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Biyu a lokaci ɗaya. Ubanka da ya ji, da ya tashi ya sake mutuwa."

"Ai gaskiya na faɗa."

"Gaskiyarka ta ci gidanku. Mutumin ya koma kujera, ka sani? Zagorka ta ce ko labule bai buɗe ba. Ga bikin shekara na waliyyin gidan nan ya matso. In kujerar kum ta zauna ba kowa a teburina, kai za ka yi wa baƙi bayani, ba ni ba."

Milun ya yi kwanaki yana zagaya motar. Kunya na cinsa, amma har yanzu yana ganin shi ke da gaskiya, kuma abin da yake so shi ne a tabbatar da ita sannan ya ba da haƙuri daga sama. Ya mayar da kujerar fasinja, ya ɗauki kwalbar barasar da ya dafa da kansa, ya tafi gidan Radisha. Zagorka ta kawo kofi ta fita.

"Kum, bakina ya yi abin da ya saba. Ka zo sau ɗaya. Zan zauna kusa da kai in kalli ƙafar. In ba ta ɗagu ba, a gaban Tsane da kowa zan ce laifina ne."

"In ta ɗagu fa?"

"Sai mu san abin da za mu gyara."

Radisha ya kurɓi kofinsa. Sannan ya ce wannan daidai ne, a gwada a gani.

Ranar Lahadi suka ɗaura bel suka shiga. Milun bai kalli hanya ba, idonsa na kan takalmin dama na kum. Zagayen farko a hankali suka yi, tayoyi su ɗumama. A na gaba Radisha ya buɗe mata. Kwanar dama, ƙafa daram. Ƙaramar hagu, daram. Suka miƙe zuwa ƙarshen filin, ya taka birki a inda ya kamata, ya juya sitiyari, ya mayar da ƙafa kan totur, ya riƙe. Motar ta kwanta a kwanar yadda Milun ya gina ta ta kwanta.

Sai takalmin ya ɗagu. Bai fi kaurin yatsa ba.

Milun ya ji daɗi, kuma wannan jin daɗin ne abin da ya fi kasa mantawa daga baya. Ya ɗago kai zai ce ga ta nan. Sai ya ga fuskar kum. Mai shiga kwanar hagu hagu yake kallo. Radisha kuwa idonsa ya tafi dama, na ƙiftawa ɗaya, leɓensa ya ɗan motsa. Milun ya bi idon. A jerin bishiyoyin akwai gurbin wata da iska ta kayar, kuma ta gurbin ana hango tudu can nesa, da ƙaramar farar coci mai koren rufin kwano, da duwatsun kaburbura jere a gangaren.

Ya san cocin. Ta ɗaya gefen tudun ya taɓa zuwa mata, ta hanyar ƙauye, cikin dusar ƙanƙara, lokacin da aka binne Rujitsa. Bazara guda yana zuwa filin nan, ya taka kwanar da ƙafa yana duban siminti, bai ɗaga kai sau ɗaya ba.

Bayan motar ya kufce, suka juya, suka tsaya a ciyawa. Injin ya mutu. Radisha ya gyara tabarau a cikin hular kwano, ya juyo.

"To, kum? Na ɗaga?"

Da gaske yake tambaya. Fuskar malami ce mai jiran sakamakon lissafi, ba ɓoye-ɓoye a cikinta. Bai sani ba. Ƙafarsa da idonsa suna yin abinsu a wurin nan, su dawo, ba su gaya masa ba. Milun ya ga cewa in ya faɗa, sunansa na gwani zai wanku, kum kuma zai fara tsaron ƙafarsa a kwanar nan, ya hana ta, ko ya daina zuwa gaba ɗaya.

"Ba ka ɗaga ba," in ji Milun. "Motar ce."

Da suka koma wurin taro bai jira a tambaye shi ba. Ya tsaya gaban durom ɗin Tsane, hular kwano a hannu.

"Ku ji. Na zauna na gani da idona. Ƙafar kum ba ta motsa ba. Ni na ɗaure bayan motar fiye da kima, na kuma ɗora masa laifi. Abin da na faɗa ranar nan, na faɗa wa wanda bai kamata ba."

Tsane ya dubi fuskarsa. Ya tsaga burodi ya cusa tsire biyu ya miƙa masa.

"Ci, Gwani. Tsufa ba ya tambayar izini."

Satin nan Milun ya warware aikin da ya fi alfahari da shi. Ya cire sanda mai kauri ya sa siririya. Ya sa sifirin masu laushi a baya, ya sassauta shokozoba don kada bayan ya yi saurin tashi in nauyi ya faɗa gaba. Ya ɗaura zare, ya ɗan karkata tayoyin baya su kalli ciki, yadda za su riƙe layi. Ya mayar da batir can baya, ya mayar da tayar safaya ya ɗaure ta da ƙarfi. Ya kai ta wani fili da ba kowa, ya shiga kwana ya ɗaga ƙafa da gangan, ya sake, ya sake, yana ƙara kaɗan yana rage kaɗan, har ya kai inda in ka ɗaga sai motar ta ɗan sunkuya ta ci gaba da bin hanyarta. Ta rasa kaifinta. A ƙananan kwanoni sai ka lallashe ta kafin ta juya. Kowane saurayi da ya tuƙa ta zai ce aikin wanda hannunsa ya mutu ne, kuma sun faɗa. Wasu daga cikinsu suka fara kai motocinsu Beograd.

Ranar bikin waliyyi Radisha da Zagorka suka zo da furanni da kofi a takarda. Ya zauna a kujerarsa ta kum, suka juya burodin biki tare da Milun kamar yadda al'ada take, suka sumbaci juna sau uku. Ba wanda ya ta da maganar filin sai wajen ƙarshen cin abinci.

"Ta yi nauyin kai, kum," in ji Radisha. "Amma ban san yadda zan ce ba. Kamar tana jirana."

"Haka ake so," in ji Milun, ya tashi ya ce zai duba nama.

Stamena ta bi shi waje. Ta shekara fiye da talatin tana karanta bayan wuyansa.

"Me ka gani a motar nan?"

Ya gaya mata. Ta goge hannu a gyalen kugunta.

"Zagorka ce ta fara nuna masa filin daga sama," ta ce. "Daga kabarin yarinyar ake ganinsa. Duk wanda ya je ya sani."

Ta koma ciki, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Lahadin ƙarshe kafin a rufe filin don sanyi, Milun ya duba wa kum iskar taya da safe, ya ce yana da wani aiki, zai dawo. Ya ɗauki Stamena da kwanon dafaffiyar alkama da kyandir, suka bi hanyar ƙauye. A maƙabartar ta nuna masa layin, ta tsaya a baya. Dutsen baƙi ne, da hoton yarinyar a jiki tana dariya, sunan kuma an sassaƙa shi da manyan baƙaƙe. Ya karanta shi. Ya cire hula, ya durƙusa da gwiwoyin da suka saba da ramin gareji, ya kunna kyandir, iska ta kashe, ya kare da tafinsa ya sake kunnawa.

"'Yar kum, na makara," ya ce. 

Daga ƙasa ƙarar injuna ke tasowa. Ya juya. Filin na shimfiɗe a can, bishiyoyin sun zubar da ganye, ga gurbin nan a tsakiyarsu. Cikin motoci da yawa kunnensa ya ware ta kum. Ta taho a miƙe, ta yi birki, ta shiga doguwar hagu, ɗan jan ɗigo a kan siminti. Da ta zo daidai gurbin, ƙarar ta ɗan sauka.

Milun ya riƙe numfashi, hularsa a damƙe. Ɗigon bai karkace ba. Ƙarar ta sake tashi, motar ta fita kwanar ta miƙe.

"Zo ka ci alkamar," in ji Stamena. "Ba a komawa da ita gida."

Ya karɓi cokali. Suka tsaya a wurin suna ci, har motar ta sake zagayowa.